Sulken Mahayin Babur: Tsakanin Tawakkali da Riƙon Sababi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mahaya babur na ƙasarmu, wadda duk wanda ya taɓa yi wa ɗayansu nasiha a kan kiyaye jikinsa ya ji ta, ita ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma abin da aka rubuta wa bawa babu rigar da za ta tare shi. Maganar gaskiya ce, babu musulmin da zai musanta ta, domin imani da ƙaddara, mai daɗinta da mai ɗacinta, rukuni ne daga rukunan imani shida. Sai dai sau da yawa nakan ga ana ɗauko ta a inda ba muhallinta ba, a toshe bakin mai nasiha da ita, har ta zame wa mutum hujjar barin abin da shari'a da hankali suka haɗu a kan nemansa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan batun rigar hawa babur, wanda wani zai ga ya yi ƙanƙanta da a shigar da shi cikin bahasin addini, shi ne wani abu da na gani da idona damina biyu da suka wuce, wanda har yau bai bar zuciyata ba.

Ina da wani ɗa, ɗan ƙanwata, saurayi mai neman na kansa, wanda yake ɗaukar kayan masarufi a babur daga Kano ya kai wa masu kantuna a ƙauyukan da ke hanyar Bichi. Wata ranar Laraba, bayan an ɗauke ruwan safe, ya zo zai sha wata kwana inda ruwa ya tara rairayi a kan kwalta, ƙafar gaba ta zame, babur ya yi gefe guda, shi kuma ya tafi a kan kafaɗarsa ta dama yana gurzuwa, taku goma sha wani abu kafin ya tsaya. Ba gudun fitar hankali yake yi ba, babu motar da ta taɓa shi, kuma ko ƙashi ɗaya bai karye a jikinsa ba. Amma da na isa asibiti bayan la'asar, sai na tarar da ma'aikaciyar jinya a tsaye kansa da hantsaki da auduga da ruwan gishiri, tana tsince tsakuwa da zaren kaftani ɗaya bayan ɗaya daga cikin naman da ya buɗe tun daga tsintsiyar hannu har allon kafaɗa, shi kuwa ya ciji gefen zanen gado, hawaye na bin kunnuwansa, ko salati ba ya iya yi da ƙarfi. Kaftanin na yadi ne mai laushi, irin wanda dukkanmu muke sawa, kuma hannun rigar na dama babu abin da ya rage sai tsumma. Da aka gama aka naɗe, na sunkuya na yi masa sannu, sai ya dube ni ya ce, "Kawu, ƙaddara ce, ba ta wuce ranarta." Na ce, "Haka ne, ɗana, Allah ya sa kaffara ce." Ban ƙara komai ba, domin gadon jinya ba wurin muhawara ba ne. Wata uku ya yi bai hau babur ba, jarinsa ya tafi a magani da cefane, kuma har yau fatar da ta warke a kafaɗar tana ɗaure masa idan ya ɗaga hannu zai yi kabbarar harama.

Abin da na yi ta juyawa a raina bayan wannan rana shi ne, mu mutanen nan idan muna zancen hatsari sai mu riƙa magana kamar makoma biyu ce kawai, ko mutum ya tashi ya kaɗe rigarsa, ko kuma ajali ya riske shi a wurin, alhali kuwa tsakanin lafiya da ajali akwai wani sarari mai faɗi ƙwarai, wanda mafi yawan waɗanda suka faɗi suke sauka a cikinsa, shi ne jinya da nakasa da karayar arziki da iyali a zaune babu mai fita nema. Ajali lalle babu rigar da ke jinkirta shi ko da sa'a guda. Amma ɗan ƙanwata ba ajali ne ya same shi ba a ranar, kwalta ce ta same shi, kuma ita kwalta halitta ce mai ɗabi'a sananniya, tana cin abu mai laushi kafin mai tauri, tana cin na waje kafin na ciki, bisa sunnar da Allah ya ɗora ta a kai, wadda ba ta canzawa don imanin wanda ya faɗo mata ko rashinsa.

Wanda ya faɗo daga babur, abu biyu ne ke jiransa a ƙasa. Na farko bugu, wato haɗuwar kafaɗa ko gwiwar hannu ko gadon baya da ƙasa a lokaci guda. Na biyu gurza, wato tafiyar da jiki ke yi a kan kwalta har ƙarfin gudun ya ƙare. Bugu maganinsa matashin roba mai shanye ƙarfi da ake cusawa cikin aljihunan riga a daidai gaɓoɓi, ita kuwa gurza maganinta abin da aka yi rigar da shi da kuma ƙarfin ɗinkinta. Tun da aka fara wannan sha'ani fata aka sa a gaba, kuma har yanzu masu tseren babur na duniya fata suke sawa, ta saniya ko ta dabbar nan kangaru ta ƙasar Ostireliya. A shekarar 1928 ne wani mai ɗinki a birnin Niyok na Amurka, Irving Schott, ya fito da rigar fata mai zif wadda ta zama abin koyi ga na bayanta. Amma ba kowace fata ba ce. Wadda ake nufi ƙirgi ne mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4, ba fatar tunkiya mai laushi da ake yi wa samari rigar ado da ita ba, wadda kwalta kan yaga kamar takarda. Aibin ƙirgi kuwa nauyi da zafi, ga shan ruwa idan damina ta kama mutum a hanya. Wanda ya san ranar Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san cewa umartar ɗan acaɓa da ya wuni cikin baƙin ƙirgi ɗora masa abin da ba zai iya ba ne.

Saboda haka masana suka juya ga saƙa. Akwai yadin nailan mai kaurin zare da ake kira Cordura, wanda akan rubuta masa lamba 500 ko 1000 gwargwadon nauyin zarensa. Akwai zaren Kevlar, wanda wata masaniyar kimiyya, Stephanie Kwolek, ta gano a 1965, wanda ba ya narkewa da zafin gurza, amma hasken rana yana raunana shi, shi ya sa akan sa shi daga ciki a matsayin shafi. Akwai kuma Gore-Tex, wani siririn mayafi da Robert Gore ya gano a 1969, mai hana ruwan sama shiga amma yana barin tururin gumi ya fita. Wadda ta fi dacewa da ƙasarmu a ganina ita ce riga mai raga-raga, wadda aka yi ƙirjinta da bayanta da saƙa mai ƙofofi iska na ratsawa, aka bar yadi mai tauri da matashi a kafaɗu da gwiwoyin hannu inda ƙasa ta fi ci. Ba ta kai ƙirgi juriya ba, wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye wa mai saye ba. Turawan Turai sun kafa ma'auni a kan haka, mai lamba EN 17092, wanda ya fito a 2020, suka kasa rigunan daraja-daraja, AAA ita ce mafi ƙarfi, sai AA, sai A mafi sauƙi da sanyi, kuma ana ɗinka shaidar a cikin rigar. Matashin gaɓoɓi shi ma yana da nasa ma'aunin, EN 1621, mataki na 1 da na 2. Ita kuwa rigar sanyi mai kumburi da mahayanmu ke saya a gwanjo idan hunturu ya shigo, sanyi kaɗai take karewa, domin bayanta siririn yadin roba ne wanda zafin gurza kan narkar da shi ya manne da rauni, ya ƙara wa mai jinya aiki.

Da na kai nan a cikin bincikena sai na tuna cewa wannan ja-in-ja tsakanin kariya da sauƙi ba sabon abu ba ne, kuma Alƙur'ani mai girma ya riga ya ambace shi. A cikin Suratun Nahli, aya ta 81, inda Allah Maɗaukaki yake lissafa ni'imominsa ga bayinsa, ya haɗa tufafi iri biyu a wuri guda, masu kare mutum daga zafi da masu kare shi a fagen fama, ya kira su duka biyun ni'ima. Abin lura ne ƙwarai cewa ba a ambaci sulke a matsayin alamar raunin yaƙini ba, an ambace shi ne cikin abubuwan da ake gode wa Allah a kansu. A Suratul Anbiya'i da Suratu Saba'i kuma an ba da labarin Annabi Dawuda, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda aka tausasa masa baƙin ƙarfe, aka sanar da shi sana'ar sulke, aka umarce shi da ya auna saƙar zobbansa. Imamu Ƙurɗubi a tafsirinsa ya kawo bayanin magabata cewa kafin Annabi Dawuda sulke falle-fallen ƙarfe ne masu nauyi, shi ya sa aka umarce shi da awon da zai haɗa sauƙin ɗauka da ƙarfin tsari, kada neman ɗaya ya ɓata ɗayan. Wannan shi ne ainihin mas'alar da mai zaɓen rigar babur yake ciki a yau, kuma daga nan na fahimci cewa jin daɗin riga ba shagwaɓa ba ce da ake ƙarawa bayan an gama da kariya, shi ma ɓangare ne na kariyar, domin rigar da zafinta ya sa aka rataye ta a ƙusa ba ta kare kowa ba, kuma mahayin da gumi ya galabaitar da shi har hankalinsa ya rabu ya fi kusa da faɗuwa fiye da wanda iska ke ratsa shi.

Kakanninmu ma sun san wannan. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Kano. Lifidi kuwa ba wani abu ba ne face yadi da aka cusa wa auduga aka bi shi da ɗinki, domin ya shanye sara da harbi a jikin doki da mahayinsa, wato dai hikimar matashin kafaɗa ce tun ƙarni shida da suka wuce. Har yau muna ganin 'yan lifida a hawan salla muna yi musu kirari, ba wanda ya taɓa cewa barden da ya sa lifidi matsoraci ne ko mai ƙarancin tawakkali. Babur shi ne dokin wannan zamani, ya fi doki gudu nesa ba kusa ba, filin da yake sukuwa a kai ya fi fagen daga tauri, amma mun hau shi da tufafin zuwa ɗaurin aure, har da babbar riga da mayafi waɗanda bakinsu kan shiga cikin sarƙa ko wayoyin ƙafa su fizgo mutum ƙasa.

Game da tawakkali kuwa, babu wanda ya kai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, dogaro ga Ubangijinsa, amma ya tabbata a littattafan hadisi cewa ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, sulke biyu ya haɗa ya sa, ɗaya a kan ɗaya, kuma ranar buɗe Makka ya shiga garin da kwalkwali a kansa, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Abin da ya fi jan hankalina a labarin Uhudu shi ne, duk da wannan shiri an ji masa rauni, zobba biyu na kwalkwalinsa suka nutse a kumatunsa mai albarka har sai da Abu Ubaida ya cire su da haƙoransa; ke nan sababi bai hana ƙaddara sauka ba, kuma saukar ƙaddara ba ta mai da riƙon sababin kuskure ba. Sayyidina Umar ma, da ya doshi Sham ya ji labarin annoba, ya juya da jama'arsa, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna cewa duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. Wanda ya sa riga da wanda ya bar ta duka a cikin ƙaddara suke tafiya. Bambancinsu shi ne abin da kowannensu zai amsa idan aka tambaye shi amanar jikin da aka ba shi aro.

Imamu Gazali, a babin tawakkali na littafinsa Ihya'u, ya kasa sabubban tunkuɗe cuta gida uku: akwai na yanke, kamar ruwa ga mai ƙishi, wanda barinsa ba tawakkali ba ne ko kaɗan, akwai na rinjayen zato, kamar ƙaho da shan magani, wanda yin sa ba ya warware tawakkali, akwai kuma na wahami, wanda amfaninsa ba tabbas, kuma barinsa shi ne ya fi dacewa da mai dogaro. Ni ba mufti ba ne, ba zan ce sa rigar babur wajibi ne na shari'a wanda mai barinsa ya yi zunubi ba. Amma ba na shakkar cewa tana can saman gida na biyu, dab da na farko, domin duk wanda ya ga kafaɗar da ta gurzu cikin ƙirgi da wadda ta gurzu cikin kaftani ba ya bukatar wani dalili. Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne na sha ganin mahayin da ya ƙi riga da hular kwano da sunan tawakkali, amma ga laya ɗaure a wuyan babur ɗinsa. Ya bar sababin da ido ke gani ya kama wanda malamai suka sa a gidan wahami. Mun kuma ga abin da ya faru a Janairun 2009, lokacin da aka fara tilasta dokar hular kwano a Nijeriya, wasu mahaya suka kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai, wanda ya nuna cewa doka ba ta isa inda zuciya ba ta gamsu ba.

Akwai haɗari ta ɗaya gefen wanda bai kamata in tsallake shi ba, shi ne mutum ya sa riga mai tsada sai zuciyarsa ta koma kanta, ya ƙara wuta, ya riƙa kutsawa tsakanin manyan motoci yana ganin ya tsira. Riga ba ta hana ƙashi karyewa idan bugu ya yi tsanani, ba ta tare abin da ke fashewa a cikin ciki, kuma ba ta da abin cewa a gaban tirela. Malamai suna cewa sababi aikin gaɓoɓi ne, dogaro kuwa aikin zuciya ne, wanda ya musanya musu wuri ya ɓata duka biyun. Haka nan ban manta da talauci ba, domin sabuwar riga mai shaida ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan masu kabu-kabu, kuma Allah ba ya kallafa wa rai abin da ba ya iyawa. Amma ƙa'ida ce a wurin fuƙaha'u cewa abin da ba a samu dukkansa ba, ba a barin dukkansa. Riga mai kauri mai dogon hannu ta fi singileti, safar hannu ta fata ta fi tafi tsirara, takalmi sawu-ciki ya fi silifa, kuma masu ba da babur haya suna karɓar balas kullum yamma, su ma akwai haƙƙi a wuyansu game da jikin yaron da ke nemo musu.

Saura mas'ala guda ta fiƙihu, wadda ɗan ƙanwata da kansa ya tayar da ita bayan ya warke, ranar da muka shiga kasuwar Ƙofar Wambai muna juya rigunan gwanjo ciki-waje muna neman shaida. Ya ɗaga wata rigar fata ya ce, "Kawu, wannan da ta fito daga Turai, wa ya san yadda aka yanka dabbar? In salla ta kama ni a hanya fa?" Tambayar tana bisa hanya, domin abin da muka karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaidi shi ne fatar mushe idan an jeme ta babu laifi a amfana da ita, amma ba a salla a kanta, wannan ne mashhurin mazhabar Malikiyya, ko da yake Hanafiyya da Shafi'iyya suna ganin jima tana tsarkake ta, ban da fatar alade a wurinsu duka, da ta kare a wurin Shafi'iyya. Fatar alade kuwa, wadda akan yi shafin ciki da ita, ana gane ta da ramukan gashinta da ke zuwa uku-uku. Na ce masa abin da sauƙi, riga ce ta sama, in zai yi salla ya tuɓe ta ya ɗora a kan babur. A ƙarshe dai mai raga-raga muka samu, mai harafin A a ciki, da matashinta na kafaɗa da gwiwar hannu, aljihun baya ne kawai babu komai a ciki.

Amma tambayar tasa ta kai ni wani tunani. Mu ne masu fata. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce ta ratsa Sahara tun zamanin ayari har Turawa suka sa mata sunan Maroko, kuma fatar akuya, saboda laushinta da ƙarfinta, tana cikin abin da ake yi wa mahaya safar hannu da riga a yau. Majemanmu sun san bagaruwa tun kaka da kakanni, masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa suna fitar da fatu zuwa Italiya, ƙiraganmu da yawa kuwa a tukunya suke ƙarewa a matsayin ganda. Dabbobinmu da sunan Allah ake yanka su, babu shubuhar da za ta hana salla. Gazali ya lissafa saƙa da ɗinki cikin sana'o'in da suke farilla ta kifaya, waɗanda idan al'umma ta rasa mai yin su laifin ya hau kan kowa, kuma ina ganin ɗinka wa dubban mahayan ƙasar nan rigar da ta dace da ranarmu da aljihunmu ya shiga wannan babi.

Saboda haka bayan mako guda na ɗauki rigar da muka sayo na kai wa wani dattijon baduku a kasuwar Kurmi, wanda na daɗe ina sayen tabarmar fata da kube a wurinsa. Ya sa tabarau, ya juya ta, ya zaro matashin kafaɗa ya matsa shi da yatsa ya ga yadda yake komawa, ya bi ɗinkin hannun da farcensa har ya gano cewa akwai layi na biyu ɓoye a ƙarƙashin na waje, domin in kwalta ta ci ɗaya ɗayan ya riƙe. Ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, jikin rigar a yi shi da yadi mai shan iska, kafaɗa da gwiwar hannu a ninka fatar akuya biyu, a bar ƙofa a hammata. Zaren ne sai na nemo, irin namu ba zai yi ba." Na tambaye shi yaushe zan dawo. Ya ɗauki awon kafaɗar yaron da igiya, ya ƙulla, ya rataye a ƙusa kusa da almakashinsa, ya ce in zo bayan babbar salla, lokacin da fata ke yawa a gari.